Taswirar Mazaɓu da Ƙuri'un Gidan Waya: Zaɓen 2018 a Jihar Karolina ta Arewa

A ranar 6 ga Nuwamba, 2018, masu zaɓe a jihar Karolina ta Arewa da ke kudu maso gabashin Amurka suka fita zaɓen mutum 13 da za su wakilce su a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Da aka tattara ƙuri'un jihar baki ɗaya, 'yan takarar jam'iyyar Rifablikan sun samu kashi 50 cikin 100 da ɗan ɗori, na jam'iyyar Dimokrat kuma suka samu kashi 48 da 'yan kai. Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai zaci an raba kujerun bakwai da shida, amma a daren zaɓen Rifablikan ce ke kan gaba a mazaɓu goma, Dimokrat tana da uku kacal. Wannan kuwa shi ne daidai adadin da wani jigo a majalisar dokokin jihar ya faɗa a bainar jama'a tun a watan Fabrairun 2016 cewa shi ake neman a samu. Kujera ɗaya ce kawai ta tsaya a rataye daga cikin goman, saboda an gano cewa wani ɗan kwangilar siyasa ya sa yaransa suna bi gida-gida suna karɓar ƙuri'un gidan waya, wato takardun ƙuri'a da ake aika wa mai zaɓe gida ya cike ya mayar, a wata gunduma ta karkara mai suna Bladen. Zaɓe ɗaya ne, amma hannu biyu ne suka taɓa shi, kuma yadda dokar Amurka ta bi da kowannensu ya sha bamban ƙwarai.

Kafin a shiga cikin batun, yana da kyau a fahimci abin da ake kira zaɓen rabin wa'adi. Shugaban Amurka yana yin shekara huɗu a kan mulki, amma ɗan Majalisar Wakilai shekara biyu kawai yake yi, don haka duk kujeru 435 na majalisar sai an sake zaɓensu a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa. Mai karatu a Najeriya, inda ake zaɓen 'yan majalisa 360 tare da shugaban ƙasa duk bayan shekara huɗu, ba shi da makamancin wannan a tsarinsa. A Amurka zaɓen ya zama tamkar ƙuri'ar jin ra'ayi a kan shugaban da ke gadon mulki, kuma tarihi ya nuna cewa jam'iyyarsa ce ke kwasar kashinta a hannu kusan kullum. Dimokrat ta yi asarar kujeru 54 a 1994 lokacin Bill Clinton, ta sake yin asarar 63 a 2010 lokacin Barack Obama. Shekarun da jam'iyyar shugaba ta ƙara kujeru, wato 1934 da 1998 da 2002, ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai fushi ya fi mai gamsuwa saurin fita layin zaɓe.

Shekarar 2018 ta bi wannan al'ada da ƙarfi. Shekara biyu ke nan da hawan Donald Trump, kuma kusan rabin waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar sun fito, abin da ba a gani ba a zaɓen rabin wa'adi tun 1914. Dimokrat ta ƙara kujeru kimanin 40, ta karɓe majalisar da kujeru 235. A Karolina ta Arewa ma guguwar ta kaɗa, duk da cewa a wannan shekarar babu takarar gwamna ko ta sanata da za ta ja hankalin jama'a. A zaɓen majalisar dokokin jiha Rifablikan ta rasa gagarumin rinjayen da take amfani da shi wajen tsallake gwamna Roy Cooper idan ya hau kujerar na-ƙi, sannan lauya Anita Earls ta jam'iyyar Dimokrat ta ci kujera a Kotun Ƙolin jihar. Ke nan masu zaɓen sun motsa. Abin da bai motsa ba shi ne rabon kujerun Majalisar Wakilai, kuma amsar wannan tana cikin taswira.

A Amurka ana ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma, a raba kujeru 435 tsakanin jihohi gwargwadon yawan mutanensu, sannan a bar wa kowace jiha ta shata iyakokin mazaɓunta. A Najeriya wannan aiki na hukumar zaɓe ne, amma a galibin jihohin Amurka 'yan majalisar dokokin jiha ne ke riƙe da alƙalamin, wato 'yan siyasa su ke zana filin da jam'iyyarsu za ta yi takara a ciki. A Karolina ta Arewa abin ya ƙara tsanani, domin tsarin mulkin jihar bai ba gwamna ikon ƙin amincewa da taswirar mazaɓu ba. Ƙa'idar da ba a wasa da ita ita ce kowace mazaɓa ta kasance da yawan mutane daidai da sauran, wanda a ƙidayar 2010 ya kama kimanin mutum 733,000. Amma hanyoyin raba mutum miliyan tara da rabi gida 13 daidai wa daida ba su ƙirguwa, kuma kowace hanya tana da sakamakonta a ranar zaɓe.

Dabarar da ake amfani da ita ta tsufa. Sunan da Amurkawa ke kiranta da shi, jerimanda, ya samo asali ne daga gwamnan Massachusetts, Elbridge Gerry, wanda ya sa hannu a wata taswira mai karkace-karkace a 1812. Ƙafa biyu take tafiya da su. Ta farko ita ce cunkuso: a tattara magoya bayan abokin hamayya a cikin 'yan mazaɓu kaɗan, su ci da rinjayen da ya wuce buƙata, rarar ƙuri'unsu ta tafi a banza. Ta biyu ita ce tarwatsawa: sauran magoya bayan nasa a yanka su gutsure-gutsure, a watsa cikin mazaɓu da yawa inda ba za su kai rabi a ko'ina ba. Adalci ya sa a faɗi cewa a wannan jiha Dimokrat ce ta daɗe tana cin wannan moriya. A zaɓen 2010 'yan takarar Rifablikan sun fi samun ƙuri'u a jimlace, amma Dimokrat ta tashi da kujeru bakwai cikin 13 albarkacin taswirar da ta zana shekaru da suka gabata. A wannan zaɓe na 2010 ne kuma Rifablikan ta karɓe zauruka biyu na majalisar dokokin jihar, karo na farko cikin sama da shekara 100, daidai lokacin da sabuwar ƙidaya ta fito. Alƙalami ya sauya hannu, kuma sabon mai riƙe da shi ya zo da kwamfuta da bayanan yadda kowace rumfa ta yi zaɓe a shekarun baya.

Wanda aka ɗauko ya yi aikin shi ne Thomas Hofeller, ƙwararren mai zana mazaɓu da jam'iyyar ta daɗe tana dogaro da shi a jihohi da dama. Taswirarsa ta 2011 ta nuna ƙarfinta nan da nan: a 2012 Dimokrat ta samu sama da rabin ƙuri'un jihar amma kujeru huɗu kawai ta ci, a 2014 suka koma uku. A watan Fabrairun 2016 wata kotun tarayya ta soke mazaɓa ta 1 da ta 12, bisa hujjar cewa an cunkusa baƙaƙen fata a cikinsu saboda launin fatarsu. Mazaɓa ta 12 a lokacin siririya ce kamar igiya, tana bin babbar hanyar mota daga Charlotte har Greensboro tana tsintar unguwannin baƙaƙen fata. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin a 2017.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa wannan jiha ta zama abin misali. Tun da kotu ta hana amfani da launin fata, majalisar dokokin ta yanke shawarar cewa za ta yi amfani da jam'iyya kawai, kuma za ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'idojin zanen, domin a fahimtar lauyoyinta babu hukuncin da ya haramta shi. David Lewis, wanda ya jagoranci kwamitin a zauren wakilai na jihar, ya ce yana ba da shawarar a zana taswirar da za ta ba Rifablikan goma, Dimokrat uku, kuma dalilinsa na tsayawa a goma shi ne bai ga yadda za a iya zana ta 11 da biyu ba. Ya ƙara da cewa a ganinsa zaɓen 'yan Rifablikan ya fi alheri ga ƙasa, shi ya sa ya zana abin da zai taimaka wa hakan. Da wuya a samu ɗan siyasar da ya fi wannan fitowa fili, kuma fitowa filin ita kanta dabara ce ta shari'a, domin duk lokacin da ya nanata cewa jam'iyya ya duba, yana nesanta kansa ne daga zargin wariyar launin fata wanda shi kaɗai kotu ta riga ta hukunta.

A sabuwar taswirar an dunƙule mazaɓa ta 12 a cikin gundumar Mecklenburg, inda birnin Charlotte yake. An haɗa yankunan Raleigh da Chapel Hill masu yawan 'yan boko a mazaɓa ta 4. Birnin Asheville, wanda tsibirin Dimokrat ne a tsakiyar duwatsun yammacin jihar, an raba shi tsakanin mazaɓa ta 10 da ta 11. A Greensboro kuwa layin ya ratsa ta tsakiyar harabar jami'ar North Carolina A&T, wadda ita ce mafi girma cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata a Amurka, har ya zamana ɗalibin da ya sauya ɗakin kwana daga wannan ɓangare zuwa wancan zai iya tsintar kansa ya bar mazaɓa ta 6 ya koma ta 13.

An kai ƙara, kuma a watan Janairun 2018 alƙalai uku na kotun tarayya suka ce taswirar ta saɓa wa tsarin mulki. Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da hukuncin, ta mayar musu da shari'ar a watan Yuni, suka sake yanke hukunci iri ɗaya a ƙarshen Agusta. Sai dai a lokacin an riga an yi zaɓen fid da gwani tun watan Mayu, saura 'yan makonni a fara aika ƙuri'un gidan waya, don haka har masu ƙarar suka amince cewa lokaci ya ƙure. Da haka aka shiga zaɓen Nuwamba da taswirar da kotu ta ce haramtacciya ce har sau biyu a cikin shekarar.

Alƙaluman da suka fito sun nuna aikin ya yi kyau yadda mai shi ya so. 'Yan Dimokrat uku da suka ci, wato G.K. Butterfield a mazaɓa ta 1, David Price a ta 4 da Alma Adams a ta 12, kowannensu ya samu kimanin kashi 70 cikin 100 ko fiye. A ɓangaren Rifablikan kuwa, duk inda aka fafata babu wanda ya kai kashi 60. George Holding ya kayar da Linda Coleman a mazaɓa ta 2 da tazarar da ba ta kai kashi shida ba, Ted Budd ya kayar da Kathy Manning a ta 13 da kusan haka. Akwai kuma wani abu da jimlar ƙuri'u ke ɓoyewa: a mazaɓa ta 3 Walter Jones ba shi da abokin hamayya, don haka duk ƙuri'un da aka jefa a can sun shiga lissafin Rifablikan. Idan aka cire su, Dimokrat ce ta fi yawan ƙuri'u a mazaɓu 12 da aka yi takara ta gaske. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu magana, kuma a nan zanen ya jure guguwar da ta rushe katangu a wasu jihohi.

Masu kare taswirar suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Magoya bayan Dimokrat su da kansu suka taru a manyan birane, na Rifablikan kuma suka bazu a karkara da ƙananan garuruwa, don haka ko wa ya zana layin, Dimokrat za ta yi asarar wasu ƙuri'u a cikin biranen. Gaskiya ne, amma tambayar ita ce nawa ne daga cikin tazarar ya fito daga inda mutane suka zaɓi zama, nawa ne kuma daga alƙalami. Masana lissafi sun amsa wannan a gaban kotu. Jonathan Mattingly na jami'ar Duke ya sa kwamfuta ta zana taswirori 24,518 bisa ƙa'idojin da ba su duba jam'iyya ba, aka ɗora ainihin ƙuri'un jihar a kansu, sai sama da kashi 99 cikin 100 suka ba Dimokrat aƙalla ƙarin kujera ɗaya. Wani masanin, Jowei Chen, ya zana 3,000, kuma babu ko ɗaya da ta ba Rifablikan goma. Jihar Pennsylvania ta ba da gwaji na zahiri a shekarar: Kotun Ƙolin jihar ta soke taswirarta a farkon 2018 ta zana sabuwa, rabon kujeru ya tashi daga 13 da biyar ya koma tara da tara.

Taswira irin wannan tana da rauni ɗaya. Domin a ci kujeru da yawa, dole a shimfiɗa magoya baya siriri a kowace mazaɓa, kuma idan guguwa ta yi ƙarfi, ko ɗan takara ya yi rauni, shimfiɗar tana iya yagewa a wani wuri. A 2018 wurin shi ne mazaɓa ta 9. Ta taso ne daga unguwannin masu hali na kudancin Charlotte, ta ratsa gundumar Union wadda cibiyar Rifablikan ce, ta miƙe gabas a kan iyakar Karolina ta Kudu ta cikin gundumomin talakawa manoma irin su Anson da Scotland da Robeson, mazaunin ƙabilar Lumbee, har ta kai wani ɓangare na Bladen. Trump ya ci wannan yanki da tazarar kusan kashi 12 a 2016, saboda haka bai kamata a ce ana zullumi a kanta ba. Amma a zaɓen fid da gwani na Mayun 2018 wani fasto na cocin Baftis, Mark Harris, ya kayar da ɗan majalisa mai ci Robert Pittenger da ƙuri'u 828, ita kuma Dimokrat ta tsayar da Dan McCready, tsohon sojan kundumbala na ruwa da ya yi aiki a Iraƙi, mai sassaucin ra'ayi kuma mai tarin kuɗin kamfe. Da aka gama ƙirga ƙuri'u sama da 280,000, Harris yana gaba da 905. McCready ya riga ya amsa shan kaye tun washegarin zaɓe.

Ranar 27 ga Nuwamba hukumar zaɓen jihar ta zauna don tabbatar da sakamako, sai mataimakin shugabanta Joshua Malcolm, ɗan asalin Robeson, ya nemi a ware mazaɓa ta 9, yana mai nuni da abubuwan da ya ce sun daɗe suna faruwa a yankinsu. Mambobin hukumar na jam'iyyun biyu suka amince baki ɗaya. Da masana suka duba alƙaluman Bladen, sai aka ga ruwa bai yi tsami banza ba. Harris ya samu kashi 61 cikin 100 na ƙuri'un gidan waya a gundumar, alhali waɗanda suka yi rajista a matsayin 'yan Rifablikan kashi 19 ne kawai na masu waɗannan ƙuri'u. Kafin hakan ta yiwu, sai kusan duk 'yan ba-ruwanmu, wato waɗanda ba su yi rajista da kowace jam'iyya ba, sun zaɓe shi, har da wasu 'yan Dimokrat, abin da bai faru a sauran gundumomin mazaɓar ba. Haka kuma ɗimbin takardun ƙuri'a da aka nema a Bladen da Robeson ba su dawo ba sam. Da aka waiwayi zaɓen fid da gwani, sai aka ga Harris ya samu ƙuri'un gidan waya 437 a Bladen, Pittenger kuma 17.

Dokar jihar a kan wannan nau'in ƙuri'a a bayyane take. Kowane mai rajista yana iya neman a aiko masa da takardar ƙuri'a gida, ya cike ta a gaban shaidu biyu ko jami'in rantsarwa ɗaya, ya rufe a ambulan, su sa hannu. Daga nan shi kansa ko danginsa na kusa ne kawai doka ta yarda su mayar da ita. Wani bare ya karɓa laifi ne babba, ko da bai buɗe ba. Mutumin da ya gina sana'a a kan karya wannan doka shi ne Leslie McCrae Dowless, sanannen dillalin ƙuri'u a Bladen wanda ya yi wa 'yan siyasar ɓangarorin biyu aiki a baya, kuma an taɓa ɗaure shi a kan zambar inshora. Yadda Harris ya san da shi ma abin lura ne. A zaɓen fid da gwani na 2016 Harris ya sha kaye a hannun Pittenger da ƙuri'u 134 kacal, kuma ya lura cewa wanda ya zo na uku, Todd Johnson, ya kwashe 221 daga cikin ƙuri'un gidan waya 226 na Bladen. Maimakon wannan adadi ya tsorata shi, sai ya sa ya nemi wanda ya yi aikin.

An fara sauraron shaidu a Raleigh ranar 18 ga Fabrairu, 2019, a gaban sabuwar hukuma mai mambobi biyar, domin wata shari'a ta daban ta rushe tsohuwar a ƙarshen Disamba. Ɗaya daga cikin ma'aikatan Dowless, Lisa Britt, ta bayyana yadda ake biyansu dala 125 a kan kowace ƙuri'a 50 da suka tattaro, yadda suke karɓar wasu ambulan a buɗe, yadda ta cike guraben da masu ƙuri'ar suka bari da sunayen 'yan Rifablikan, da yadda ake sa hannun shaida a kan takardun da ba a ga an cike ba. An koya musu su riƙa aikawa kaɗan-kaɗan daga gidan wayar da ke kusa da gidan mai ƙuri'a, su kuma daidaita launin tawada, don kada jami'an zaɓe su farga. Shaidar da ta karya lagon shari'ar kuwa daga gidan Harris ta fito. Ɗansa John, lauyan gwamnatin tarayya, ya shaida cewa tun a 2017 ya gargaɗi mahaifinsa a rubuce cewa yana zargin Dowless da tattara ƙuri'u ba bisa doka ba, uban yana zaune a zauren yana hawaye. Washegari, 21 ga Fabrairu, Harris ya tsayar da ba da tasa shaidar, ya ce rashin lafiyar da ya yi ta shafi tunaninsa, kuma ya yarda a sake zaɓe. Hukumar ta amince ba tare da hamayya ba.

Akwai wani batu na doka a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a taɓa tabbatar da cewa ƙuri'un da aka lalata sun kai 905 ba, kuma da wuya a iya, domin ƙuri'ar da aka jefar a kwandon shara ba ta barin sawu. Lauyoyin Harris sun jingina da wannan tun farko. Amma dokar jihar ta ba hukumar ikon soke zaɓe idan maguɗin ya gurɓata sakamakon gaba ɗaya har ya jefa shakku a kan adalcinsa, ko da ba a ƙirga adadin ba. Da wannan sashe aka yi aiki. A bayansa kuma akwai wata katanga, domin tsarin mulkin Amurka ya sa Majalisar Wakilai ita ce mai hukunci na ƙarshe a kan wanda zai zauna a cikinta, kuma sabbin shugabanninta 'yan Dimokrat sun riga sun ce ba za su rantsar da Harris ba muddin zargin yana nan.

Mutanen mazaɓar sun zauna babu wakili daga Janairu har Satumba. Harris bai sake tsayawa ba, Rifablikan ta fitar da ɗan majalisar dattawan jiha Dan Bishop, Trump ya je Fayetteville ya yi masa gangami a jajibirin zaɓe, kuma ranar 10 ga Satumba, 2019, Bishop ya kayar da McCready da tazarar kusan kashi biyu cikin 100. Lissafi ya koma goma da uku. An gurfanar da Dowless, amma ya mutu a Afrilun 2022 kafin a fara shari'arsa ta zaɓe. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi Harris da komai ba.

A tsakanin soke zaɓen da sake shi ne Kotun Ƙolin Amurka ta yi magana a kan taswirar. Ranar 27 ga Yuni, 2019, a shari'ar da ke tsakanin Robert Rucho, ɗaya daga cikin jagororin zanen taswirar a majalisar jihar, da ƙungiyar Common Cause da ta kai ƙara, wadda aka haɗa da wata daga Maryland inda Dimokrat ce ta yi irin wannan aiki, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Alƙalin alƙalai John Roberts bai ce taswirar tana da kyau ba, har ma ya yarda cewa wuce gona da iri a wannan fage bai dace da tsarin dimokuraɗiyya ba. Abin da ya ce shi ne tsarin mulki bai ba alƙalan tarayya ma'aunin da za su gane inda son kai na siyasa ya wuce kima ba, don haka batun na 'yan siyasa ne da jihohi. Mai shari'a Elena Kagan ta mayar da martani a madadin marasa rinjaye cewa ma'aunin yana gaban kotun, wato dubban taswirorin da kwamfuta ta zana, kuma duk inda za a sa iyaka, taswirar da ta fi duk taswirori 3,000 na Chen karkata ta wuce ta. A ganina hujjar Kagan ta fi ƙarfi a wannan shari'a, domin a nan ba a buƙatar hasashen niyya, mai zanen ya faɗe ta da bakinsa. Damuwar Roberts tana da gurbi a shari'o'in da ke kan gaɓa, amma wannan ba ta cikinsu.

Idan aka ajiye hukunce-hukuncen biyu kusa da juna, bambancin yana da ɗaukar hankali. Aikin Dowless ya shafi ƙuri'u ɗaruruwa ko 'yan dubbai a gundumomi biyu, an yi shi a ɓoye, doka tana da suna da hukunci a kansa, kuma 'yan jam'iyyun biyu a hukumar zaɓe suka haɗu suka soke sakamakonsa. Aikin Hofeller da Lewis ya shafi nauyin ƙuri'ar mutum sama da miliyan uku da rabi, an yi shi a zauren majalisa ana naɗar magana, kuma kotu mafi girma a ƙasar ta ce ba huruminta ba ne. Akwai ma alaƙa tsakaninsu da ba a cika ambata ba: da ba don guguwar rabin wa'adi ta matse mazaɓa ta 9 har tazararta ta koma 905 ba, da wuya wani ya damu da abin da ke faruwa a Bladen, kamar yadda alƙaluman 2016 suka wuce a lokacin ba tare da an hukunta kowa ba.

Da ƙofar tarayya ta rufe, sai masu ƙara suka koma kotunan jiha da tsarin mulkin jiha, wanda ya tanadi cewa dole zaɓe ya kasance cikin 'yanci. A ƙarshen 2019 wata kotun jiha ta hana amfani da taswirar, aka zana sabuwa, zaɓen 2020 ya ba da takwas da biyar, kuma Kathy Manning da ta faɗi a 2018 ta ci kujerar Greensboro da aka sake haɗe ta. Bayan ƙidayar 2020 jihar ta samu kujera ta 14, Kotun Ƙolin jihar ta soke taswirar da majalisa ta zana, aka yi zaɓen rabin wa'adi na 2022 da wadda kotu ta samar, sakamako ya fito bakwai da bakwai. Sai dai alƙalan wannan kotu zaɓensu ake yi a ƙarƙashin tutar jam'iyya, kuma a wannan zaɓe na 2022 Rifablikan ta karɓe rinjaye a cikinta da biyar da biyu. A Afrilun 2023 sabuwar kotun ta janye hukuncin da ta gada, ta ce ita ma ba huruminta ba ne. Majalisar dokoki ta sake zana taswira a watan Oktoba, zaɓen 2024 ya ba Rifablikan goma, Dimokrat huɗu, kuma cikin goman akwai sabon ɗan majalisa daga mazaɓa ta 8, Mark Harris.